Bukka a Tsakiyar Gulbi

Daren Laraba, farkon damina, 1961. Bakin gulbi, kusa da Gidan Rumji.

"Yaya, kafin kabarki ta bushe na dawo da jakuna." Haka Sani ya ce, har da dafa ƙirji. To, kaba ta bushe har ta fara karyewa, shi kuwa ƙanen nawa yana can buro, ofishinsu, yana yi wa mutane bayanin mulkin kai.

Shi ya kafa mini bukka a kan rairayin tsakiyar gulbi, wai ya fi laushin kwanciya. Mutumin da ya yi lakol, mai ilimin boko, ke nan! Da la'asar wata Bafulatana ta biyo da shanu, ta tsaya tana kallona. "Inna, kin gaji da duniya ne? An yi ruwa a kudu, yau gulbi zai kawo." Ta yi dariya ta wuce. Wallahi na so ta ɗan zauna.

Ni kaɗai na ja dammunan kaba zuwa tudu, gindin tsamiya, har bayana ya ƙage. Yanzu ina jin ruwan yana tafe cikin duhu, ya riga ya cinye inda na kwana jiya. Sauran matan da muka zo yankan kaba tare duk sun koma gida, ba mai magana sai kwaɗi. Kabar nan ce tabarmin da zan saƙa in ciyar da marayuna har kaka.

Na ba shi zuwa Juma'a. In bai zo ba, zan ɗauki abin da kaina zai iya, in bar wa gulbi saura. Ranar da na isa kuma zan fitar da tukunyata daga gidansa, inda nake zaune tun rasuwar mijina.