Ƙarfe a Sirdin Jatau

Daga yayarka Hajjo, a Gangara, zuwa ga ƙanena Audi, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da begen wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka da motocin Nasaran nan da suka ɗauke mana kai tun da gwamna ya tashi daga Damagaram ya koma Yamai. Mu dai alhamdu lillahi, gero ya yi, rumbu ya cika. Inna tana nan, sai dai idon ya ƙara yin hazo, yanzu da murya take gane mutane. Ɗanmalam ne yake rubuta mini, na ce masa kada ya rage ko kalma.

Zakari falke ya kawo mana labarinka. Ya ce ya gan ka kwance ƙarƙashin mota, kana ɗaura mata sandunan ƙarfe a ciki don kada jikinta ya riƙa murɗewa, wai in an yi haka takan juya inda aka nufa ba gardama. Inna ta sa ya maimaita har ya gaji. Ashe autanmu Idi yana gefe ya kasa kunne, ka kuwa san shi, ɗan akuya ne, ko bai yi gemu ba sai ya yi tunkuyi. Ya ɗauki sirdin marigayi Baba, na itacen aduwa da aka ɗaure da ƙirgi, ya kai wa maƙeri aka yanke ɗaurin, aka kafa masa ƙarfe gaba da baya, don ya ci tseren raƙuma na Babbar Salla da raƙuminmu Jatau.

Gaskiya ɗaya ce, da ya gwada, Jatau ya riƙa zagaya gawon bakin rijiya kamar an ja shi da zare, don sirdin ba ya karkata, inda Idi ya jingina nan raƙumi yake bi. Amma tsohon ɗauri yana lanƙwasa tare da bayan dabba, shi kuwa ƙarfe bai san lallashi ba. Duk ramin da suka taka sai bugun ya sauka a ƙugun Idi da doron Jatau.

Ranar Salla dattawa suka shafa sirdin, suka ce tseren 'yan gari na ice da fata ne tun kaka da kakanni, mai ƙarfe sai ya shiga na Buzaye, masu raƙuman hawa. Idi ya yi rantsuwa ya yi magiya, mai gari ya ce ba a sake wa tuwo suna. Haka tsohon raƙumin dakonmu ya shiga cikin dogayen nan, kafin ya iso har sun sauka suna shan ruwa. Na yi dariya, na kuma yi kuka da na ga mikin da ke bayansa. Muna sa masa man shanu da toka, yana warkewa.

Dattawa sun ce in an mayar da ɗaurin fata, Jatau zai shiga na baɗi. To, ɗaurin Baba kai kaɗai ya koya wa. Sirdin yana nan a wargaje cikin zaure, kullum na wuce sai na tuna yadda kake jan ɗanyen ƙirgi da haƙori. Audi, kewarka ta ishe ni, ba zan ɓoye maka ba.

Da aka cire ƙarfen Idi ya so ya mayar wa maƙeri a yi fartanya, Inna ta hana. Ta ce tun da ka tafi ba abin da ya shigo gidan nan daga gare ka sai wannan dabara. Ta naɗe shi a tsumma ta sa ƙarƙashin tabarmarta, in ta idar da salla sai ta lalubo shi ta riƙe. Ka zo, ƙanena, tun tana iya gane fuskarka in ka matso kusa.

Idi yana gaishe ka, yana tafiya dafe da ƙugu. Rabi da Fatu suna gaisuwa, haka Kawu Hamidu na Falanko. Inna ta ce a rubuta maka Allah ya yi maka albarka, sauran maganar sai ta ji muryarka.

Wassalam. Taka har kullum,
Hajjo