Gashin Baba da Ɗakin da Aka Kulle

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita,
Shugaban asibitin da ke kula da yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, kafin komai ina neman afuwa. Ni yarinya ce, ina aji biyar a sakandare, kuma a gidanmu ba a saba ƙarami ya yi magana a gaban manya ba, balle ya ɗauki biro ya rubuta wa shugaba. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagewa. Na daure ne don na zo ofishinku sau biyu ana ce mani kuna taro, kuma malamarmu ta Hausa ta ce in rubuta a fili, wataƙila ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya tare da iyali.

Sunana Hadiza. Mahaifina, Malam Isiyaku, manomi ne a Sheme. Dawa da masara yake nomawa, yana kuma ɗan kiwon tumaki. Shekara huɗu ke nan, ana tsakiyar girbin masara, ya faɗi a gona, aka ɗauko shi a amalanke ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A asibitinku aka kwantar da shi, aka ce hawan jini ne. Ban manta da ɗawainiyar da aka yi da shi ba, Allah Ya saka da alheri. Kukana a kan abin da ya biyo baya ne.

1. Ranar da aka sallame mu, ma'aikacin da ya miƙo katin magani ya ce wa Inna, a tsaye, yana sauri, a riƙa yi masa gashi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ranka ya daɗe, ku a asibiti kun san abin da kuke nufi da gashi. Mu a gida gashi ɗaya muka sani: a tafasa ruwa, a tsoma tsumma, a riƙa dannawa a wurin ciwo, kamar yadda ake yi wa mai targaɗe. Shi muka yi. Safe da yamma, har shekara uku, Inna ba ta taɓa fashi ba. Ranar da babu itace da karan dawa take hura wutar. Ƙafar Baba ba ta jin zafi sosai, don haka sau biyu ruwan ya ƙona masa ƙwauri bai sani ba, sai da muka ga fatar ta tashi.

Ban da gashin, ba mu barinsa ya yi komai. Idan ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai a riga shi. Idan ya yunƙura zai gyara zama, sai a tare shi a gyara masa. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a zuba wa babba ido yana wahala. Mun ɗauka biyayya muke yi. Muna yi ƙafar tana tsukewa, har mai lafiyar ma ta fara bin ta.

2. Wannan shi ne abin da na fi jin nauyin rubutawa. A shekara ta uku Baba ya kasa tashi daga zaune sai an ɗaga shi. Yayana namiji ɗaya ne, yana kudu wajen neman abinci, Inna kuma bayanta ya gaji. Sai ya zamana ni ce mai ɗaga shi, har zuwa ƙofar bayan gida. Da bazara ta shigo na lura kofin ruwansa yana dawowa a cike, kokon safe ma rabi yake sha. Na tambaye shi, ya ce ba ya jin ƙishirwa. Sai daga baya na gane ba ya shan ruwa tun safe har ƙanensa ya dawo daga gona da yamma, don kada ɗiyarsa ta kai shi inda bai so ta kai shi. Mutum mai hawan jini, a cikin zafin nan. Ban nuna masa na gane ba. Ban san yadda ake faɗa wa uba irin wannan magana ba.

3. Bara, bayan ƙaramar Sallah, mun zo karɓar maganin hawan jini, sai wata mai bautar ƙasa da aka turo asibitinku ta gan mu a kan benci. Malama Rahila ake ce mata, gashin ƙashi ta karanta. Ta ga tabon ƙunar, ta tambaya. Inna ta ba ta labarin gashin da take yi, tana ɗan alfahari da cewa ba ta taɓa tsallake rana ba. Malama Rahila ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa a gaban Inna ta ce, “Mama, kin yi ƙoƙari. Amma gashin da ake nufi, Baba ne zai yi shi da kansa. Naku shi ne ku tsaya kusa ku ƙirga.”

Inna ta ce ai an sha gaya mana ciwon ya riga ya zauna, lokaci ya wuce. Ita kuma ta ce ba za ta yi mana alkawarin komai zai dawo ba, amma tsokar da ta rage tana ƙara ƙarfi idan aka ba ta aiki, ko da an yi shekaru, matuƙar ana ƙara aikin kaɗan-kaɗan.

A wani ɗan ɗaki kusa da wurin ba da magani take aikinta, kowace Talata. Babu wata na'ura a ciki. Sai ta auna jinin Baba tukuna, sannan ta zaunar da shi a kujera ta ce ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ta yanko robar cikin tayar keke ta ɗaura a ƙafar gado ya riƙa ja. Ta zuba yashi a tsohuwar safa ta ɗaura masa a idon sawu ya riƙa ɗagawa. Idan ta ga ya saba, sai ta ƙara yashin. Ranar farko sau ɗaya ya tashi, shi ma tana riƙe da shi. Inna fita ta yi waje don ba ta iya kallo. A gida kuwa da muka ci gaba, maƙwabta suka fara cewa muna azabtar da marar lafiya. Baba ne ya tare mana. Ya laƙaba wa Malama Rahila suna mai gona, ya ce ko ɗan ƙwadago ba a sa shi aiki haka babu fura.

Ba zan yi maku ƙarya ba, hannun bai dawo ba, har yau da hagu yake cin abinci. Amma bayan wata biyar ya kai yana tashi sau goma a jere, kuma wata rana da hantsi ya dafa sanda ya tafi bayan gida shi kaɗai. Da ya dawo ya ce in ba shi ruwa, ya shanye kofi biyu a gabana da rana tsaka.

Ba Baba kaɗai ba ne. A bencin nan na riƙa ganin wata dattijuwa daga Ketare, da wani tsohon direba da ake kawowa daga wajen Sabuwa, da wasu daga cikin Faskari, duk masu daɗaɗɗen ciwo.

4. Malama Rahila ta gama bautar ƙasarta ta koma gida, ba a kawo wani ba. An kulle ɗakin. Na leƙa ta taga na ga kwalaye jibge a kan gadon, robar tana nan ɗaure a ƙafarsa. Da muka tambaya aka ce mu tafi Funtuwa ko Katsina. Ranka ya daɗe, kun fi ni sanin halin da hanya take ciki, kuma mai shanyayyar ƙafa ba ya jure wannan tafiya kowane mako. Wani a wurin yankar kati ma cewa ya yi mu yi haƙuri, tsohon ciwo ne.

Mun ci gaba da abin da ta koya mana, har wata biyu da suka wuce zazzaɓi ya kwantar da Baba mako biyu. Da ya tashi, goman nan ta koma uku, kuma gwiwarsa tana ciwo idan ya yunƙura. Ba mu san ko ciwon na ƙoƙari ne ko na ɓarna ba. Inna ta koma ɗora tukunya, don shi ta sani. Na sake komawa ɗaga shi, kuma tun makon jiya kofinsa ya fara dawowa a cike.

Da na gaya masa zan rubuta maku, abu ɗaya ya ce: “Ki tambaye su, in rage yashin ne, ko in daure in ci gaba?” Ni kuwa ina tsoron in yi hasashe a jikin mahaifina.

Saboda haka ina roƙonku, cikin ladabi, a buɗe ɗakin nan ko da rana ɗaya ce a mako, a nemo mana mai gashin ƙashi. Idan samunsa zai ɗauki lokaci, a tura ɗaya daga cikin ma'aikatanku ya koyo abin da zai iya duba irin su Baba da shi, ya gaya mana inda za mu ƙara da inda za mu tsaya. Kada kuma a riƙa mayar da mutum gida don kawai ciwonsa ya daɗe.

Roƙona na ƙarshe ba ya bukatar gini ko kayan aiki. Duk ma'aikacin da zai sallami mai shanyewar ɓarin jiki, idan ya ce a yi gashi, ya tsaya ya ƙara magana biyu, ya ce ba ruwan zafi yake nufi ba, ya nuna wa iyalin abin da yake nufi.

Allah Ya taya ku riƙon wannan amana, Ya ƙara maku lafiya, Ya jiƙan magabatanku, Ya tsare ku da iyalinku daga irin wannan ciwo. Idan akwai kalmar da ta wuce matsayina, ku yafe mani, ƙuruciya ce.

Na fara tambayar 'yan ajinmu masu irin wannan marar lafiya a gida, wane irin gashi suke yi. Uku na samu zuwa yanzu, kuma dukansu ruwa suke tafasawa. Ban gama zagaya sauran azuzuwan ba. Idan kun ba ni izini, ina so in sake rubuto maku in gaya maku ƙauyukan da suke.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
Hadiza Isiyaku,
Sheme.