Yaya kaɗai kika koya wa duba tsumman jariri

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, autarki ce ta zo da ƙorafi. Har yau ina kishin Yaya Hadiza, ba zan ɓoye miki ba.

Haihuwarta huɗu kina kanta. Ke ce wankan jego, ke ce kunun kanwa, ke ce mai buɗe tsumman jariri ki leƙa ki ce lafiya lau. Ni kuwa ina da cikin Zainab kika tafi. Haba Inna, ko 'yan watanni!

A ɗakinmu na haya a Unguwar Shanu, kashin Zainab ya zame min jarrabawa. Na gan shi ruwa-ruwa kamar ƙwanduwar ƙwai, na ruga asibiti, aka ce haka na mai shan nono yake. Ta kwana biyu ba ta yi ba, na sake rugawa, aka latsa cikinta aka ji shi laushi, nas ɗin har da dariya.

Da ta fara zama sai zawo ya zo. Matan gidan duk suka ce haƙori ne. Ni da na sha kunya sau biyu, kuma ba ni da wa zan tambaya, sai na goya ta zuwa Hayin Banki wurin Yaya.

Ba ta fara da tsumman ba. Ta taɓa maɗigar yarinyar ta ji ta faɗa, ta ba ni ita ta ga ta ƙi nono, sannan ta buɗe ta ga majina da ɗigon jini. Sai ga maganarki a bakinta: “A dubi yaro kafin kashinsa. Mai shan nono yana wasa, a bar shi. Wanda ya yi laƙwas, ko aka ga jini, ba a kwana da shi a gida.” Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, muka nufi asibiti.

Aka yi wa Zainab ƙarin ruwa, ta rayu. Ina kuka a bakin gadon, Yaya tana rarrashina, ta zaci tsoro ne kaɗai. Wallahi rabinsa haushi ne. Wannan magana gadonmu ce mu biyu, ita kaɗai aka ba.

Makon jiya Zainab ɗin ta haihu. Ta miƙo min tsumman jaririn. Na taɓa maɗigar ɗan, na karanta mata maganarki tiryan-tiryan, na ce ke kika koya min. Yaya tana zaune. Ta ɗago ta kalle ni, ta sunkuyar da kai, ba ta ƙaryata ni ba.

Allah ya jiƙanki, ya sa aljanna ce makomarki, ya haɗa mu a can. Amma ranar nan ni zan zauna kusa da ke, Yaya ta matsa.

Autarki,
Binta