Mijina Ya Fi Kula da Macijinsa Marar Ɓawo

Anti Jimmai, ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

Ina zaune a ƙasar waje, a garin McLeansville, da mijina da 'yarmu, bari in kira ta Serah. Shekararta tara, tana da sikila. Kafin aurenmu a Jos coci ta sa an yi mana gwajin jini, aka ce ni AS ce, shi AA. Sai da aka haife ta a nan muka san gwajinsa kuskure ne, shi ma AS ne.

Mutumin nan kiwon macizai yake yi a gareji, irin marasa dafi. Ban so ba, amma na haƙura. Bara ya zaunar da ni yana yi mini bayani, baki har kunne. Wai akwai waɗanda ake ƙyanƙyashewa ba ɓawo a bayansu, fata ce zalla mai laushi. Wai sai uwa da uba duk suna ɗauke da abin a jininsu, ko da ba a gani a jikinsu, sannan a cikin 'ya'ya huɗu akan dace da ɗaya. A dace fa, Anti. Ni yake koya wa wannan lissafi, ni da na haddace shi a kan kujerar asibiti. Da gangan ya haɗa masu ɗauke da abin, kuma ranar da marar ɓawon ya fito har hoto ya tura wa abokansa.

Ki zo ki ga gata. Ya kwashe duk abu mai kaushi daga akwatin macijin kada ya ƙuje, ya shimfiɗa masa takarda mai laushi, kullum yana auna zafi da danshi, lokacin saɓa yana duba shi har ƙarshen wutsiya. Amma in ciwon Serah ya tashi, a ƙofar asibiti yake sauke mu, wai zai nemi wurin ajiye mota. A cikin motar nake samunsa in na fito.

Na tsani dabbar nan. Raina na raya mini in kai ta gonar da ke bayan gidanmu in sake ta, in ɗauki 'yata in koma wajen yayata a Summerfield. Abin da ke riƙe ni, Serah na son macijin, in ta dawo daga makaranta wajensa take fara zuwa.

Wadda Ta Gaji

'Yar'uwa, kina da gaskiyar yin fushi. Mai yi wa uwar mai sikila irin wannan bayani yana murna bai yi tunani ba ko kaɗan.

Amma ki bar macijin. Ba shi ya haɗa iyayensa ba, kuma da wannan fatar ba zai daɗe a gona ba. Serah za ta gane wanda ya fitar da shi, ta kuma ɗauki darasin da ba ki nufa ba: cewa a gidanku mai wuyar kulawa fitar da shi ake yi.

Mijinki ya iya jinya, kin gani da idonki. Ina zargin kunya da tsoro ne ke zaunar da shi a mota, tunda a gwajin jininsa aka yi kuskuren. Wannan dalili ne, amma bai wanke shi ba. Ki zaunar da shi a falo, ki gaya masa duk abin da kika gaya mini. Ya daina haɗa macizan, ya riƙe wanda ke hannu. Zuwa asibiti na gaba shi zai kai ta, shi kaɗai, har gaban likita. In bakinku ya kasa haɗuwa, ku nemi fastonku ko mai ba iyalai shawara a asibitin.

In ya ƙi, kina iya zuwa wajen yayarki ki huta, amma ki faɗa masa dalili kafin ki fita. Ki kuma gaya masa Serah ta kai shekarun lura da wanda ya shigo ɗakin jinyarta da wanda bai shigo ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya miki zuciya.