Hoton Baba a Kan Ganuwa

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da matarka da yara, sannan ka gaishe mini da Baba da kyau. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata, don raina a ɓace yake. Na rubuto ne saboda ka daina ɗaukar wayata, direban motar safe kuwa ba ya ɓatar da saƙo.

Na ga hoton da ka aiko, ga shi nan na mayar maka da abinka. Ni za ka raina wa hankali? Ni da aka haifa a ɗakin mai gadi na bakin ƙofar ganuwar nan, na yi rarrafe a kan dutsen, ni za ka aiko wa da hoton Baba yana tsaye a gaban labulen da kake ɗaukar baƙi hoto a gindin dutse, ka ce wai a sama ne? Hasumiyar gabas da ke tsaye ƙyam a bayansa ta rushe tun ina goya ka. Gajimaren duk ya yamutse, ko guga ba ka yi masa ba. Inuwar Baba kuma ga ta nan kwance a kan sararin sama.

Ka ji abin da likita ya ce. Idon hagu ya tafi, na dama yana bin sa. Abu ɗaya tsohon nan ya roƙa, a kai shi ya ga ɗakin da ya yi rabin rayuwarsa yana gadi, ɗakin da Inna ta cika a ciki, da bishiyar lemon da ta shuka a ƙofa, tun yana iya gani. Ba don cikin nan ya yi mini nauyi ba, da ni da kaina na kawo shi. Na ba ka amana ne don kai kake wuni a gindin dutsen. Sai ga matarka tana ba ni labari wai ka kai shi tafki ka sa shi a kwalekwale, ka kai shi kogon jemagu, ka kai shi gidan tarihi ya kalli fasassun tukwane. Wa ya aike ka? Baba baƙo ne a wurin?

Ka hau da shi. A gaida gida.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan jiki ya yi sauƙi, Allah ya sauke ki lafiya. Baba yana amsawa. Ban nuna masa hoton da kika mayar ba, yana nan a cikin jakata.

Yaya, daga nesa komai sauƙi ne. Yaushe rabonki da dutsen nan? Kin manta tsayin matakalarsa, ni kuwa kullum ina kallon samari ƙarfafa suna zama a tsakiya suna haki. Na kai Baba gindinta. Ya ɗora ƙafa a ta farko, gwiwa ta ƙi. Akwai masu ɗaukar tsofaffi a kujera, abokaina ne, na kira su. Sai Baba ya buga sanda ya ce, “Ni da na hau dutsen nan da tulun ruwa a ka, yau a ɗauke ni kamar buhu? Sallame su.” A gaban mutane ya faɗa, har wasu suka yi dariya.

Hoton kuma shi ya nema. Muna komowa ya tsaya a gaban labulena, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa shi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara hula ya ce, “Ɗauke ni a nan ka aika wa yayarka, hankalinta ya kwanta.” Tafkin da kike zagi a kai, can ne na fara jin dariyarsa tun zuwansa. Ya sa hannu a ruwa, ya ce da mai kwalekwale bai iya tuƙi ba.

Ni ba yaro ba ne, Yaya, ’ya’yana sun kusa kai ni tsawo, amma har yau kina yi mini magana kamar ina bayanki a goye. Akwai dalilin da ya sa ban matsa masa ba. Ki bar maganar sama haka, ina roƙonki.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Na amsa gaisuwarka, dalilinka ne ban amsa ba.

Kamar ba ka san Baba ba. Yaushe aka taɓa miƙa masa abu ya karɓa a karon farko? Ko magani sai an yi daga da shi, ya ƙi, a lallaɓa, a sake kawowa. Kai kuwa yana cewa a’a ka yi hamdala, don ga motocin ’yan yawon buɗe ido sun cika fili, ana kwashe maka masu son hoto. Aikinka ya lalata ka, Auta. Ka saba tsayar da mutum a gaban ƙyalle ka ce ya yi murmushi, ya tafi gida ya ce ya hau dutse. Har uban da ya haife ka ka yi masa haka.

Kuma wa ya ce sai ta matakala? Matakalar ta baƙi ce, mu ba mu taɓa bin ta ba. Akwai hanyar jakuna ta bayan dutse, wadda take farawa daga tsohuwar rijiya ta zagaya a hankali har ƙofa. Ta nan Baba yake hawa da ruwa. Kai ba za ka tuna ba, kana ta kuka a bayana duk lokacin da muka bi ta. Ku fita da sanyin safiya, ka riƙe masa hannu, inda ya gaji ku zauna.

Kada ka ƙara ce mini akwai dalili. In idon nan ya rufe bai ga ɗakin ba, ni da kai sai dai gaisuwar nesa. Na rantse.

A gaida Baba.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Mun hau. Tunda kin rantse, ga labarin, kuma ki karanta har ƙarshe yadda ni na tsaya har ƙarshe.

Hanyar jakunan tana nan, ciyawa ta cinye rabinta. Ban riƙe masa hannu ba, shi ya ja ni. Ƙafarsa ta san kowane lungu. Ya nuna mini dutsen da kika faɗi kika fasa goshi, ya nuna mini inda Inna take shanya. Da muka kai wurin tsohuwar igwa ya shafa ta ya ce ta rame. Ban taɓa ganin sa da fara’a irin ta ranar ba, ni kuwa na san abin da ke gaba.

Ɗakin nan, Yaya, an daɗe da mayar da shi makewayin baƙi. An raba shi biyu da bulo, an zana namiji a ƙofa ɗaya, mace a ɗayar. Bishiyar Inna an sare ta, tankin ruwa ne a wurin. Shi ne dalilin. Na ɓoye muku ne don na ga ku biyun da ɗakin nan kuke rayuwa a ranku.

Na yi ƙoƙarin karkatar da shi wajen bakin ganuwa, na ce ya zo ya hango tafki. Ya fizge hannunsa ya ce, “Hagu ne, ni za ka koya wa?” Idonsa bai nuna masa zanen ƙofar ba, amma hancinsa lafiya lau yake. Ya tsaya cak. Ya miƙa hannu yana laluben bango, yana neman ƙusar da yake rataye fitila. Sai wani mutum daga cikin masu jira ya ce, “Tsoho, layi ake bi.”

Na yi kansa, wallahi da na mare shi. Baba ya riƙe rigata ya ce da mutumin, “Yi haƙuri, ɗana, ban sani ba.” Ya ja da baya. Ya ba shi haƙuri, Yaya, a ƙofar ɗakinsa.

Kyamara tana wuyana, ban ɗaga ta ba. Da za mu sauko shi da bakinsa ya ce, “Kira masu kujerar nan.” Suka ɗauke shi har ƙasa. Tun ranar yana zaune a tsakar gida, in an ba shi abinci ya karɓa a karon farko. Jiya ne kawai ya tambaye ni ko kin ga hoton, ko ya yi kyau.

Kin ce in hau da shi, na hau da shi. Ina fushi da ke, kuma ba zan ɓoye ba.

Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Na karanta har ƙarshe.

Da ka gaya mini tun farko. Na san da ba zan ji ba, amma da ka gaya mini. Wannan ban yafe maka ba tukuna, kuma ban ce ka yafe mini ba.

Na kwana ina tuna hoton. Kamar a gefen kafaɗar Baba akwai ɗan ɗaki da bishiya a ƙofarsa, fushi bai bar ni na duba ba. Ka ba direban motar safe ya dawo mini da shi, kada ka gyara komai a jikinsa.

Ka ce da Baba na gani, ya yi kyau ƙwarai.

Yayarka