Gefenka na Akushi

Birnin Ƙonni, farkon bazara

Yaya Illo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki, yaya zafin Agadas? Yaya Rabi da yara? Mu nan lafiya lau, Inna ma ta ji sauƙin ƙafarta.

Tun da ka tafi, mai ɗakina Hajo ba ta rage mudu ba. Tuwon mutum biyu take kawo mini zaure, a akushin nan da muke ci tare. Duk ɗarin bana ni kaɗai nake zama, ba mai cewa in bar masa loma, sai in cinye. Ranar Juma'a wandon sallata ya ƙi shiga. Likita ya ce in rage ci, in riƙa tafiya.

Yanzu na jingine keke, da ƙafa nake zuwa lakwal koyar da 'yan makaranta, da la'asar in taka har gonarmu ta fadama. Mutane na tambaya ko an kore ni daga aiki. Inna kuwa ta ce ciwo nake ɓoyewa, har man shanu ta aiko.

Hajo ta rantse ba za ta kawo wa maigida rabin akushi ba, don kada a zage ta a unguwa. Sai nake cin gabana kawai, in tsaya inda hannunka yake tare nawa.

Wando ya shiga, Yaya. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Rabi. Gefenka kullum yana komawa cikin gida ba a taɓa ba. Yaushe za ka zo?

Ƙanenka,
Mamman