Sunan da Inna Ba Ta Kamawa

Zuwa ga Yaya Sada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rahmatu da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan Daura lafiya lau muke. Kawu Kalilu ya shigo daga Dutsi shekaranjiya, ya ce gero ya yi kyau bana. Ƙafar Inna ma da sauƙi.

Dalilin wasiƙar nan shi ne manhajar koyon karatu da ka tsara ka sa wa Inna a waya. Wallahi Yaya, da ka ga murnarta da ka yi hawaye. Kullum bayan la'asar tana kan tabarma tana bin baƙaƙe da yatsa, waya na faɗa tana maimaitawa, jikoki na tsokanarta wai 'yar aji ɗaya. Ta ce gemu ba ya hana ilimi, balle ita da ba ta da shi.

To, sai aka zo darasin sunayen 'ya'yanta. Ka tsara sai ta karanta suna da ƙarfi, wayar ta ji, sannan darasi na gaba ya buɗe. Kuma naka ka sa a farko! Haba Yaya, zaman Legas ne ya mantar da kai? Kai ɗan fari, yaushe ka taɓa jin Inna ta kama sunanka? Ta yi ta cewa yaron nan, waya na cewa ta sake. Na ce bari in faɗa a madadinta, ta hana, wai ba ta satar amsa. Daga ƙarshe ta naɗe wayar a ɗankwali, ta ce in mayar maka, karatu ba rabonta ba ne. Abin ya yi mini zafi, don burinta kawai ta karanta saƙonka da idonta.

Don Allah ka gyara, a ba ta damar rubutawa maimakon faɗa. Sauran iyayen da kake son kai wa manhajar ma kunyar nan ce za ta tsayar da su. Jiya na miƙa mata biro da wannan takarda. Ta tambaye ni ko rubutawa ma kama suna ne, na ce a'a. Sai ta kore ni daga ɗakin.

Ka gaishe da Anti Rahmatu, da yaranku Hadiyya da ɗan Kabo. Kawu Kalilu yana gaishe ka. Duba can ƙasa, abin da ka gani a karkace hannun Inna ne. Ta ce idan ka bugo waya, kada ka kuskura ka yi mata maganarsa.

Taka ƙanwa,
Ikilima

Sada